Wa Ke Riƙe Da Makullin Rumbun Da Muke Zuba Takardunmu?

Tun daga farkon shekarar 2024 wani saƙo ya riƙa bayyana a wayoyin mutane da yawa a ƙasar nan, yana shaida musu cewa wurin ajiyarsu ya kusa cika, su biya kuɗi a ƙara musu, in ba haka ba wasiƙun imel za su daina shigowa. Da yawa daga cikin waɗanda suka ga wannan saƙo ba su ma san suna da wani wurin ajiya ba, balle su san abin da ya cika shi. Abin da ya faru shi ne, kamfanin Google, wanda ke ba kowane mai adireshin Gmail wuri na gigabait 15 kyauta, ya fara lissafa kwafin hirarrakin WhatsApp a cikin wannan kaso, alhali da can ba ya lissafawa. Tun kafin wannan ma, ran 1 ga Yuni, 2021, ya riga ya janye alherin da ya yi shekaru yana yi na ajiye wa mutane hotuna ba iyaka. Watau an bar mutane sai da suka zuba kayansu suka saki jiki, sa'an nan aka kawo maganar haya.

Idan ana son a ga inda wannan magana ta fi shafar talaka, to, a leƙa gari irin Keffi ta Jihar Nasarawa. Keffi gari ne na takardu. Ga Jami'ar Jihar Nasarawa da dubban ɗalibanta, ga babban asibitin Gwamnatin Tarayya, ga tsohuwar Kwalejin Gwamnati da aka buɗe a 1949, ga sansanin masu yi wa ƙasa hidima, sa'an nan ga ma'aikata masu sammako zuwa Abuja su komo da dare. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana yawo da takardar da in ta ɓace sai ya yi kuka. Saboda haka a unguwa irin Gangaren Tudu, malamin makaranta da ɗan kasuwa da matar aure duk sun koyi dabara guda: a ɗauki hoton takardar da waya. Takardar shaidar gama makaranta, takardar ɗaukar aiki, takardar cinikin fili mai sa hannun mai unguwa da shaidu, katin ɗan ƙasa, sakamakon gwajin asibiti, duk suna cikin waya, tare da hotunan iyali waɗanda ba a ɗauke su don idon baƙo ba. Wayar kuwa, in an kunna mata wannan aiki, ko mai ita ya lura ko bai lura ba, takan aika da kwafin kowane ɗaya zuwa wani wuri da Turawa suka laƙaba wa suna gajimare.

To, babu wani gajimare a cikin maganar. Gine-gine ne manya-manya a ƙasa, cike da kwamfutoci masu aiki dare da rana, ana hura musu sanyi, da masu gadi a ƙofa, kuma galibinsu suna Amurka da Turai. Wanda ya ce ya ajiye takardarsa a Google Drive ko iCloud ko Dropbox ko OneDrive, abin da ya yi shi ne ya ba wani kamfani ajiya a gidan kamfanin, a ƙasar da ba tasa ba, ƙarƙashin dokar da ba tasa ba. Mu kuwa Hausawa ba baƙin ajiya ba ne. Fatake sun daɗe suna barin dukiya wurin fatoma a zango su tafi Gwanja su yi watanni, malamanmu kuma sun karanta babin ajiya a Risala da sauran littattafan Malikiyya, inda aka bayyana lokacin da mai riƙon amana zai biya abin da ya salwanta da lokacin da ba zai biya ba. Amma shi bafatake ya san fuskar fatomansa, ya san gidansa, ya san alkalin da zai kai shi in ya ci amana. Mu kuwa yarjejeniyar da ke tsakaninmu da namu fatoman wata doguwar takarda ce da Turanci, wadda muka danna alamar mun yarda ba tare da mun karanta ko layi ɗaya ba. Kuma akwai wani bambancin da ya fi wannan: in an taɓa buhun goro, mai shi zai gane, amma takarda ana iya karanta ta, a kwafe ta, a mayar inda take, mai ita bai sani ba har abada.

Tarihin Keffi kansa yana da abin tunawa a nan. A watan Oktoba na 1902 Magajin Keffi Ɗan Yamusa ya kashe Kyaftin Moloney, Razdan na Turawa, ya nufi Kano, Turawa kuma suka riƙe wannan a cikin hujjojinsu na kai yaƙi. Kano ta faɗi a watan Fabrairu na 1903, Sakkwato ta biyo baya a watan Maris. A gidan Wazirin Sakkwato Buhari Turawa suka tarar da tarin wasiƙun da sarakuna suka riƙa aikowa, suka kwashe, suka fassara, har wani jami'insu mai suna Backwell ya buga su a littafi a 1927. Waɗanda suka rubuta wasiƙun nan sun buga hatiminsu, sun ba manzanni amintattu, wasiƙun kuma sun isa lafiya. Ba a hanya aka karanta su ba. A wurin ajiya aka karanta su, ranar da gidan ya faɗa hannun wani.

Maganin wannan shi ne a rubuta takarda yadda ko an same ta ba za a iya karantawa ba. Duk wanda ya yi ƙuruciya a ƙasar Hausa ya san zaurance, inda yara ke cusa wasu harufa a tsakanin gaɓoɓin kalma don su yi magana a gaban manya ba a gane ba. To, abin da kwamfuta ke yi zaurance ne na lissafi. Takan ɗauki takarda ta hautsina ta da wata doguwar lamba, wadda ita ce makulli, ta yadda ba mai mayar da ita yadda take sai mai wannan lamba. Ilmin ma ba sabo ba ne. Tun a ƙarni na 9 na Miladiyya masanin nan na Bagadaza, Alkindi, ya rubuta hanyar warware irin wannan rubutu ta ƙirga harafin da ya fi yawan fitowa. Na zamanin yanzu, wanda ake kira AES-256, ya wuce a warware shi da irin wannan dabara, kuma ko an tara kwamfutocin duniya su yi ta gwada lambobi ɗaya bayan ɗaya ba za su gama ba. Saboda haka ƙarfin kwaɗon ba shi ne abin tambaya ba. Abin tambaya shi ne, a hannun wa makullin yake?

A nan ne tallace-tallacen kamfanonin ke ɓad da bami. Kowannensu zai ce maka kayanka a kulle suke, kuma ba ƙarya ya yi ba. Ana kulle su a hanya, tsakanin wayarka da rumbun kamfanin, don kada mai satar ji ya tsinta. Ana kuma kulle su a cikin rumbun, don ko ɓarawo ya fasa gini ya ɗauki faifai ba zai amfana ba. Amma a ajiyar da talaka ke samu kyauta a Google Drive da OneDrive da Dropbox, makullin wannan kulle na biyu yana wurin kamfanin. Kamar mai gidan haya ne da ya sa wa ɗakinka ƙofar ƙarfe, ya ba ka makulli ɗaya, ya riƙe ɗaya. Ɓarawon waje ba zai shiga ba, amma mai gida zai iya, haka nan duk wanda ya zo wa mai gida da takardar kotu.

An taɓa kama kamfanin Dropbox a kan wannan. A 2011 yana shaida wa jama'a cewa ma'aikatansa ba sa iya ganin kayan mutane. Sai wani mai bincike a Amurka, Christopher Soghoian, ya lura da wani abu: idan mutum ya aika da fayil wanda wani ya riga ya ajiye irinsa, kamfanin ba ya karɓar sabo, sai ya nuna masa wancan tsohon, don tattalin wuri. To, yaya za a yi ka san kayan Audu da na Tanko iri ɗaya ne in ba ka iya buɗe akwatunansu? Ya kai ƙara gaban hukumar kula da ciniki ta Amurka, kamfanin kuma ya gyara lafazinsa, ya ce an hana ma'aikata dubawa, wanda kowa ya san ba ɗaya yake da ba su iyawa ba. A watan Yuni na wannan shekara dai wani kuskure ya sa har wajen awa 4 ana iya shiga ajiyar kowa da kowace irin kalmar sirri. A 2016 kuma ta bayyana cewa tun 2012 aka sace bayanan shiga na mutum miliyan 68 daga kamfanin.

Akwai kulle na uku, wanda ake hautsina takardar tun a cikin wayarka, da makullin da ba ya barin hannunka, kamfanin ya karɓi abin da shi kansa ba ya iya karantawa. Kamfanin Mega da kamfanin Proton na ƙasar Suwizalan da wannan suke talla. WhatsApp ya kawo shi ga kwafin ajiya a watan Oktoba na 2021, Apple kuma a watan Disamba na 2022, amma dukkansu biyu sai mai waya ya shiga ya kunna da kansa. Wannan batu na WhatsApp ya kamata a tsaya a kansa, domin mutane da yawa sun ji an ce hirarsu a kulle take daga mai aikawa zuwa mai karɓa, sun kwanta da wannan. Gaskiya ne a hanya. Amma kwafin da waya ke turawa rumbun Google ko na Apple ba ya samun irin wannan kulle sai an kunna masa, a sa kalmar sirri ko a karɓi wata lamba mai harufa 64.

Gwamnatoci kuwa ba sa ƙaunar wannan kulle na uku ko kaɗan. A 2013 Edward Snowden ya fallasa yadda hukumar leƙen asirin Amurka ke samun bayanai daga manyan kamfanonin intanet. A watan Maris na 2018 Amurka ta yi dokar da ta tilasta wa kamfanoninta miƙa bayanan da kotu ta nema ko da a wata ƙasa aka ajiye su. A watan Fabrairu na 2025 Apple ya janye wancan kulle daga masu wayoyinsa a Ingila, bayan da aka ruwaito gwamnatin ƙasar ta nemi a buɗe mata ƙofar baya. Mai karatu zai ce, ina ruwan Amurka da takardar filina a Gangaren Tudu? Na yarda, ba ruwanta, kuma ba na cikin masu tsorata mutane da cewa wani Bature na zaune yana kallon hotunan sunan 'ya'yansu. Abin da ya fi kusa da mu shi ne na'urar da ke bincike ba mutum a bayanta. A 2021 wani uba a birnin San Francisco ya ɗauki hoton wani ciwo a al'aurar ƙaramin ɗansa don ya aika wa likita. Na'urar Google ta ga hoton a ajiya, ta ɗauke shi a kan mai lalata da yara, aka rufe masa adireshinsa, aka sanar da hukuma. 'Yan sanda suka bincika suka wanke shi, amma a lokacin da jaridar New York Times ta buga labarin a 2022 kamfanin ya ƙi mayar masa da ajiyarsa, wasiƙu da hotuna na shekaru da lambobin mutane duk sun tafi. Wannan mutum ɗan ƙasarsu ne, yana jin harshensu, jarida ta tsaya masa. Mutumin Keffi wa zai buga wa waya?

Kamfani ma yakan mutu da kayan mutane a cikinsa. Ran 19 ga Janairu, 2012, hukumomin Amurka suka rufe Megaupload bisa zargin satar fasaha, masu laifi da marasa laifi suka wayi gari ba kayansu. A watan Maris na 2021 gobara ta cinye ɗaya daga cikin gine-ginen kamfanin OVH a birnin Strasbourg na Faransa, waɗanda ba su da kwafi a wani wuri suka yi asara. Mu a nan kuma ba mu manta da 14 ga Maris, 2024 ba, ranar da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka tsinke a gaɓar Afirka ta Yamma, har harkar bankuna ta sami cikas.

Amma in za a faɗi gaskiya, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar da ta fi yi mana ɓarna a unguwa take. Ku dubi yadda ake buɗe wa mutane adireshin imel. Dattijo ya sayi waya, ya miƙa wa yaron shago, yaro ya buɗe masa adireshi, ya sa masa kalmar sirri, sau da yawa lambar wayar dattijon ce ko shekarar haihuwarsa, ya rubuta a 'yar takarda ko ma bai rubuta ba. Daga ranar makullin rumbun wannan dattijo yana kan wani yaro. Ɗalibi ya shiga shagon buga takardu don ya fitar da takardar biyan kuɗin makaranta, ya buɗe adireshinsa a kwamfutar shago, wuta ta ɗauke ko layi ya yi tsawo, ya tashi bai rufe ba. Duk wanda ya zauna bayansa ya gaji rumbun nan gaba ɗaya. A kan fuskar kwamfutocin irin waɗannan shaguna za ka ga hotunan katin ɗan ƙasa da fasfo da takardun makaranta na mutane barkatai, na wata da watanni, ba wanda ya goge. Ga mai gyaran waya da akan bar wa waya a buɗe ta kwana. Ba na cewa masu waɗannan sana'o'i macuta ne, galibinsu neman halalinsu suke yi, amma ɗaya tak ya isa ya kashe aure ko ya ɓata sunan 'yar mutane, kuma mun ga yadda hoton da mace ta ɗauka a ɗakinta ke zama abin yi mata barazana. Wayar ma ko an sayar da ita, in ba a cire adireshin ba, sabon hoto na mai tsohuwar waya zai iya ci gaba da sauka a hannun wanda ya saya.

Sai batun layin waya. Kamfanonin ajiya sukan aika da lambar tabbatarwa ta gajeren saƙo ga wanda ya manta kalmar sirri. Layin da aka daina amfani da shi watanni, kamfanin sadarwa yakan sake sayar da shi ga wani. Wanda ya yar da tsohon layi bai cire shi daga adireshinsa ba, ya bar makulli a bakin ƙofa ke nan. Masu ba da bashi ta waya kuma sun nuna mana abin da ake iya yi da bayanan mutum: sai su kwashe lambobin da ke cikin wayarsa, ranar da ya kasa biya su aika wa surukansa da abokan aikinsa cewa ɓarawo ne. A 2021 hukumar NITDA ta ci ɗaya daga cikinsu, Soko Lending, tarar Naira miliyan 10, a 2023 kuma Google ya hana irin waɗannan manhajoji taɓa hotuna da lambobin mutane.

Doka dai akwai ta. Sashe na 37 na Tsarin Mulkin 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa da gidansa da wasiƙunsa da maganarsa ta waya. A watan Yuni na 2023 Shugaba Tinubu ya sa hannu a kan dokar kare bayanan jama'a, wadda ta kafa hukuma ta musamman, ta kuma ba kowa ikon ya tambayi mai riƙe da bayanansa abin da yake riƙe da shi, ya nemi a gyara ko a goge. A watan Yuli na 2024 hukumar kare masu sayayya ta ci kamfanin Meta, mai Facebook da WhatsApp, tarar Dala miliyan 220, kotun sauraron irin waɗannan ƙararraki kuma ta tabbatar a watan Afrilu na 2025. Madalla. Sai dai dokar ta fi jin manyan kamfanoni a Legas da Abuja. Mai shagon kwamfuta a Keffi, wanda shi ma mai riƙe da bayanan jama'a ne a idon wannan doka, ko an taɓa karanta masa ita da harshen da yake ji? Da hukumar za ta fassara muhimman sassan da Hausa, ta zauna da ƙungiyoyin masu gyaran waya da masu shagunan kwamfuta gari-gari, da ta kare mutane fiye da yadda tarar Dala miliyan nawa za ta kare su.

Yanzu sai kuɗi. Banza ba ta kai zomo kasuwa, kyautar da ake ba mu ɗanɗano ce irin ta mai ƙosai. Google na ba da gigabait 15, Apple da Microsoft 5 kowannensu, Dropbox 2, Mega 20. A Amurka a 2024 gigabait 100 na Google Dala 1.99 ne a wata, 50 na Apple senti 99, Dropbox kuwa gigabait 2,000 ne a kan Dala 11.99 in wata-wata za a biya. Ga Ba'amurke wannan kuɗin shayi ne. Mu kuwa kafin watan Yuni na 2023 Dala tana wajen Naira 460 a farashin gwamnati, zuwa Fabrairu na 2024 ta haura 1,500. A wannan lissafi Dala 11.99 ta tashi daga wajen Naira 5,500 zuwa kusan 18,000, watau rubu'in mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da aka amince da shi a watan Yuli na 2024. Wasu kamfanonin sukan rubuta mana farashi da Naira, har da rangwame, amma Nairar tasu a Dala take jingine, in ta motsa su ma sai su motsa. Ga harajin kashi 7.5 cikin 100 wanda tun 2022 aka ɗora wa kamfanonin waje karɓa. Ga kuɗin data na ɗora kayan da na sauko da su, wanda ba ya cikin talla, kuma a watan Janairu na 2025 aka yarda wa kamfanonin sadarwa ƙarin kashi 50 cikin 100. A 2022 ma bankuna suka taƙaita abin da katin Naira zai saya a waje zuwa Dala 20 a wata, da yawa suka rufe gaba ɗaya, sai a 2025 wasu suka sake buɗewa. Mutum na da kuɗinsa, amma ba hanyar biyan hayar rumbun da takardunsa ke ciki.

Abin da ya bambanta haya da saye shi ne ba ta ƙarewa, kuma zanen aro ba ya rufe katara. Ranar da aka daina biya, sabon kaya ba ya shiga, wasiƙa ba ta shigowa, kuma bisa ƙa'idar Google wanda ya shekara 2 yana kan abin da ya wuce kasonsa ana iya goge masa kaya. Haka nan tun Disamba na 2023 adireshin da aka shekara 2 ba a taɓa ba ana iya share shi. Microsoft ya yi alkawarin ajiya ba iyaka, a 2015 ya janye. Google ya yi wa makarantu irin wannan alkawari, a watan Yuli na 2022 ya janye. Ɗalibin da ya tara binciken digirinsa a adireshin da makaranta ta ba shi ya tuna cewa ɗakin kwanan ɗalibai yake ciki, ranar da ya gama ana iya karɓe makulli.

Ra'ayina shi ne yawancinmu ba mu da dalilin biyan ko kwabo. Takardun da ran gida ya rataya a kansu, in an tara su duka, da wuya su kai gigabait 1. Hoto mai megabait 3 kuwa sai an tara wajen 5,000 kafin a cika gigabait 15. Abin da ke cika rumbun shi ne bidiyon biki da na barkwanci da wa'azin da aka turo sau biyar a zauruka biyar. A hana WhatsApp haɗa bidiyo a cikin kwafinsa, a share tarkace, sai wuri ya samu. Takardu masu nauyi kuwa a kulle su tun a gida kafin a ɗora. Akwai manhajar 7-Zip ta kwamfuta, kyauta ce, tana ɗaure fayiloli da kalmar sirri da irin wancan kulle mai ƙarfi, akwai kuma Cryptomator da aka yi musamman don wannan aiki. Hotunan da mutum ba zai so ko ɗan'uwansa ya gani ba, wurinsu ba intanet ba ne sam.

Wani abu da ke ruɗin mutane shi ne ɗaukar da suke yi cewa abin da ke rumbu ya tsira. Aikin yawancin waɗannan manhajoji daidaitawa ne, watau su sa abin da ke waya da abin da ke rumbu su zama ɗaya, kamar mutum da inuwarsa. In yaro ya ɗauki waya ya goge hoto, can ma ya gogu, sai dai a tarar da shi a kwandon shara, wanda shi ma bayan kwana 30 ko 60 ake zubarwa. Don haka a sami kwafi na uku a ɗan filashi ko katin memori, a sa a akwatin da takardun asali suke, a riƙa sabunta shi ko da sau biyu ne a shekara, domin shi ma yakan lalace in ya daɗe.

Saura magana ɗaya wadda ba mu son yi, ita ce mutuwa. Wancan kulle na uku da na yaba yana da kaifi biyu: wanda ya manta makullinsa, kamfanin ba shi da wani da zai ba shi, ko ya zo da rantsuwar kotu. Da can in maigida ya rasu, akan buɗe akwatinsa gaban magada, a ga takardar gona, a ga littafin da ya rubuta wanda yake bi da wanda ke binsa, a biya bashi kafin a raba gado kamar yadda shari'a ta tsara. Yau ɗan kasuwa na iya rasuwa da lissafinsa duka a cikin waya mai buɗewa da zanen yatsansa, shaidar kuɗin da ya tura da ta cinikin fili suna wani rumbu a Amurka, marayu na zaune ba su san da su ba, wanda ake bi bashi ya yi shiru, bayan shekara 2 kuma a share adireshin. Kamfanonin sun yi tanadi, mu ne ba mu sani ba. Tun 2013 Google ya ba da damar mutum ya ambaci waɗanda za a ba kayansa in an yi watanni kaza bai taɓa adireshinsa ba, ya kuma zaɓi abin da za su gani da abin da ba za su gani ba. Apple ya kawo irinsa a ƙarshen 2021. Wanda wannan ya yi masa nisa, ya rubuta adireshin da kalmar sirrin da lambar buɗe waya a takarda da hannunsa, ya sa a ambulan ya liƙe, ya haɗa da wasiyyarsa wurin wanda ya amince da shi, in ya canja kalmar kuma ya canja takardar. Ya kamata alkalan kotunan shari'a da limamai masu rabon gado su fara tambayar magada, bayan gida da gona da dabbobi, ko mamacin ya bar waya, kuma wa ya san yadda ake buɗe ta.